Dajin Falgore: Mun Je Ƙidayar Itatuwan Doka

Duk wanda ya san unguwar Nassarawa ta Kano ya san inuwarta. Tun zamanin da Turawa suka kafa bariki a wannan gefen gari, har Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a nan cikin 1909, ake ta dasa itatuwa a bakin titi da cikin gidaje. Amma in ka duba da kyau za ka ga da yawansu baƙi ne. Darbejiya da mangwaro daga Indiya aka kawo su, itacen turare kuwa daga Ostareliya. Yaro yana iya girma a nan har ya gama makaranta bai taɓa ganin itacen doka da idonsa ba, ko da yake yakan ji ana cewa wane ya ɓata a dokar daji.

Ga shi kuwa a cikin jiharmu akwai babban dajin doka, watau Dajin Falgore. Yana kudu da Kano, tafiyar kamar mil 90, ko kilomita 150, a kan hanyar Jos. Girmansa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya shafi ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, har ya taɓa iyakar Kaduna da Bauchi. A shekarun 1940 aka keɓe shi, ana kiransa Gandun Dajin Kogin Kano, sa'an nan a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Can muka tafi a makon farko na hutun Kirsimeti, ni da wani abokin aikina da manyan yara 12 na makarantarmu. Ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Niyyarmu ita ce mu ƙidaya itatuwa, mu auna su, mu rubuta sunayensu, domin mu gane ko dajin yana ci gaba ko kuwa yana komawa baya.

Hanyar kudu

Kafin mu tashi sai da muka sami yardar iyaye, muka kuma nemi izni wurin masu lura da dajin, gama Falgore ba wurin da mutum zai faɗa kai tsaye ba ne. An yi shekaru ɓarayin shanu da 'yan fashi suna fakewa a ciki, har a 2017 sojoji suka kafa wurin horo a can. Aka haɗa mu da wani malamin daji, aka gargaɗe mu kada mu yi nisa da titi, kada kuma yamma ta yi mana a wurin.

Muka fita da asuba ta hanyar Zariya. Daga Kura zuwa Kadawa sai gonakin rani kore shar ko'ina, ga tumatir, ga albasa, ga ruwa yana gudu cikin magudana ko da yake an daɗe da ɗauke damina. Na ce wa yara su riƙe wannan a zuciya, gama za mu ga inda ruwan yake fitowa. A Kwanar Ɗangora muka bar hanyar Zariya muka nufi Tudun Wada.

Mai lura zai ga ƙasa tana sakewa a gabansa kaɗan kaɗan. Kusa da Kano itatuwan gona ne, ɗaya nan ɗaya can, su gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, waɗanda manomi ya bari domin amfaninsu. Da muka wuce Tudun Wada sai ƙasa ta soma tudu da gangare, jar ƙasa da marmara suka bayyana, duwatsu suka fara leƙowa daga nesa cikin hazo. Nan ne gindin tuddan da suke hawa har zuwa Jos, duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza suna daga cikinsu. Damina a nan ta fi ta Kano tsawo da ruwa. Sai ga gonaki sun ƙare, itatuwa sun matso bakin titi dama da hagu. Yaran da suke ta surutu tun daga gida suka yi tsit.

A wani ƙauye na bakin dajin malamin daji ya ɗauko mana wani dattijo, tsohon maharbi, wanda ya san dajin kamar tafin hannunsa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ka taɓa jin wanda ya ƙirga gashin kansa?" Na ce, "Baba, ba duka za mu ƙirga ba. Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu, hannu ɗaya yake ɗiba ya duba." Ya ce, "To, wannan magana ce. Mu je."

Yadda ake ƙidayar daji

Kayan aikinmu ba su da tsada: igiya, turaku huɗu, tef irin na tela, alli, tsofaffin jaridu, da littafin rubutu. Muka auna fili mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita 20. Domin kusurwa ta tsaya daidai muka yi dabarar magina, watau mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, tsakaninsu kuwa ya zama mita 5. Irin wannan fili murabba'in mita 400 ke nan, guda 25 suke yin hekta ɗaya.

Aka raba yara kashi uku. Kashi na fari suna bin manyan itatuwa, suna auna kaurin kowane a daidai ƙirjin mutum, watau mita 1.3 daga ƙasa, gama haka ma'aikatan daji suke yi domin awon wani ya yi daidai da na wani. In an auna sai a shafa alli don kada a maimaita. Kashi na biyu suna durƙusawa cikin ciyawa suna neman ƙananan da ba su wuce gwiwa ba, da waɗanda suka kai tsawon mutum. Kashi na uku kuwa kututture suke ƙirgawa, suna duba ko gatari ne ya sare ko inji, ko kuwa wuta ce ta ci.

Tsawon itace da inuwa muka same shi. In sanda mai mita 1 ta ba da inuwa mita ɗaya da rabi, itace kuwa inuwarsa ta kai mita 18, ai tsawonsa mita 12 ke nan. Wani yaro da lissafi yake ba shi wuya a aji, shi ya fi kowa saurin gane wannan. Kowane itacen da ba mu sani ba, sai Baba ya murza ganyen ya sansana, ko ya ɗan ɓare ɓawon, ya faɗi sunan. Mu kuwa mu tsinki reshe ɗaya mu shimfiɗa a tsakanin jaridu, mu rubuta sunan a gefe.

Fili huɗu muka auna a ranar: ɗaya a kan gangaren tudu, ɗaya a kan dutse, ɗaya a bakin rafi, ɗaya kusa da titi.

A kan gangare

Nan ne gidan doka. Fiye da rabin manyan itatuwan da muka auna a wannan fili doka ce. Ba ta da kaurin kuka, ba ta da tsawon rimi. Miƙaƙƙiya ce, ganyenta manya masu ƙyalli, tana son jama'a, ba ka cika ganinta ita kaɗai ba. Malamin daji ya nuna mana dalili. Ya tone gindin wani ɗan tsiro, sai ga shi ashe ba daga iri ya fito ba, daga saiwar uwar ya toho. Saboda haka doka takan jure sara da gobara fiye da itatuwa da yawa, muddin an ba ta lokacin hutawa.

Baba ya ce mun zo da wuri. Wai mu dawo da bazara, sa'ad da ko'ina ya bushe ƙurmus, mu ga doka ta fid da sabon ganye ja wur, tun ruwa bai sauko ba. Ya ce in rana ta take, kwanson 'ya'yanta yakan fashe da ƙara kamar an harba 'yar bindiga, irin ya watsu nesa da gindin uwa.

Tare da doka muka rubuta kaɗanya da taura da baushe da maje da namijin kaɗe, a ƙarƙashinsu kuma gwandar daji da tsada. Gamba ta fi tsawon yaran. Abin da ya faranta wa malamin daji rai shi ne, a wannan fili mun sami kowane tsara: tsofaffi, matsakaita, da ƙanana birjik cikin ciyawa. Ya ce wa yaran, "Daji kamar gari yake. In kun shiga gari kuka ga tsofaffi da samari da jarirai, garin nan yana da gobe."

A kan dutse da bakin rafi

Da muka hau dutse sai doka ta tsaya a baya, gama ƙasar ba ta da zurfi. Itatuwan wurin gajeru ne, sun riga sun zubar da ganye, saiwoyinsu sun kutsa cikin tsaguwar dutse. Akwai kukkuki, akwai kuma ararraɓi, wanda waɗansu suke kira hano, mai ɓawo kamar takarda yana saɓulewa. Baba ya ciro busasshen ƙaronsa ya ɗora a kan garwashi, ƙanshi ya tashi. Itacen nan ɗan'uwan itacen lubban ne na ƙasar Larabawa, irin turaren da masanan nan na gabas suka kawo wa Yesu yana jariri, kamar yadda Matiyu 2:11 ya ba da labari. Yaran sun sha yin wasan Kirsimeti da kwalin wofi a madadin lubban. A ranar suka sansana danginsa a jiharsu.

Bakin rafi kuwa wata duniya ce dabam. Ruwan ya janye saura kududdufai, amma wurin da sanyi da duhu. Ga madaci ya yi sama, ga kanya da ɗinya da malmo da ɓaure, rassansu sun haɗu. Muka ga yadda saiwoyi suka riƙe gaɓar rafin kamar yatsun hannu. Wannan rafi da 'yan'uwansa cikin Kogin Kano suke zuba. Kogin ya ratsa dajin ya shiga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga Tiga ake ba gonakin Kadawa da Kura ruwa, daga kogin nan kuma ake ɗiban wani kashi na ruwan famfon Kano a Tamburawa. Gaba ya haɗu da Kogin Challawa, su zama Kogin Haɗeja, su nufi wajen Tafkin Chadi. Inda itatuwa da ciyawa suka rufe tudu, ruwan sama yakan nitse a hankali ya fito a hankali. Inda aka tsiraita tudu kuwa, ruwan yakan kwashi ƙasa ya gangara da ita, laka ta taru a madatsa. Ashe mai tumatir a Kadawa da mai buɗe famfo a Kano duka suna da rabo a dajin nan, ko sun sani ko ba su sani ba.

Kusa da titi

Fili na huɗu shi ya sa jikinmu ya yi sanyi. Daga cikin mota wurin yana da kyan gani, gama akwai manyan itatuwa tsaye. Amma da aka ja igiya aka fara rubutu, sai magana ta sake. 'Yan kashi na uku suka fi kowa aiki, kututturan da suka ƙirga sun fi itatuwan da suke tsaye yawa. Ƙirya da marke, waɗanda gawayinsu ya fi daraja, kututturansu kaɗai muka tarar. Can gefe ga baƙin tabo inda aka gasa gawayi. Wani madaci an ɓare ɓawonsa kewaye domin magani, ya soma bushewa daga sama. Kawo da madobiya an sassare rassansu domin shanu, har sun zama kamar hannun da ba yatsu, itacen da ake yi wa haka kowace shekara kuwa ba ya samun yin 'ya'ya.

'Yan kashi na biyu suka dawo da littafinsu kusan wofi. Akwai 'yan toho a gindin kututture, amma wuta ta babbake su, abin da ya tsira kuma dabbobi sun cinye kansa. Masu tsawon mutum, watau samarin daji, da ƙyar aka sami na nunawa. Wata yarinya ta tambayi malamin daji, "Malam, in waɗannan manyan suka mutu, wa zai gaje su?" Bai amsa ba, sai ya nuna mata shafin littafinta.

Wannan shi ne babban abin da ƙidaya ta koya mana. Ido yakan tafi wurin babban itace, amma goben daji tana ƙasa da gwiwa. Fili huɗu ba su isa a yanke wa dukan Falgore hukunci ba, sai an auna da yawa, an kuma koma shekara bayan shekara. Duk da haka bambancin gangare da bakin titi a fili yake, har yaro ɗan aji ɗaya zai gane.

Malamin daji ya ce ba kowace wuta ce mugunya ba. In an sa ta da wuri, da kaka, ciyawa da sauran danshi, takan wuce sama sama. Ta bazara ce mai kisa, sa'ad da kome ya bushe, ita ce take cinye ƙanana. Baba kuma ya ce da ƙuruciyarsa akwai gwanki da kanki da ɓauna a dajin nan. Mu dai jan biri kaɗai muka gani, ya tsallake titi a guje.

Kada mu yi saurin nuna yatsa

Yana da sauƙi mutumin birni ya zagi mai gatari da makiyayi. Amma mai gasa gawayi yana da 'ya'yan da zai ciyar, makiyayi kuwa gonaki sun cinye burtalinsa. A hanyarmu ta komowa mun wuce buhunan gawayi jere a bakin titi, da motocin itace shaƙe, duka Kano suka nufa. Wa yake saye? Mu ne. Tuwon da aka tuƙa a gidajenmu da shinkafar bikin Kirsimeti, da wutar wani daji aka dafa su.

Ba mu kaɗai muke sara ba kuma. A shekarun baya 'yan kasuwa suka dira a kan madobiya, wadda suke kira madrid, musamman a Taraba, ana loda gungumenta zuwa ƙasar Sin domin kujeru da gadaje. Abin ya kai har daga 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya take taƙaita cinikinsu, a 2022 kuma aka ƙara kawo da madaci. Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san al'ul na Lebanon, wanda Sulemanu ya gina Haikali da shi. Yau 'yan kurmi kaɗan suka rage a kan duwatsun ƙasar, ana tsaronsu kamar ƙwai. Babu dajin da ya fi ƙarfin gatari.

Suna da amana

Akwai wani likita ɗan Sikotland, Dokta Dalziel, wanda ya yi aikin mishan a ƙasar Sin kafin ya zo Nijeriya ta Arewa aikin asibiti. Ya bi mutane irin Baba yana tambaya yana rubutawa, har a 1916 ya buga littafin sunayen itatuwa da tsire-tsire na Hausa. Saboda aikinsa masana suka sa wa ararraɓi sunansa, suna ce da shi Boswellia dalzielii. Ita doka kuwa sunanta na Hausa ta riƙe, a littattafan kimiyya na duniya Isoberlinia doka ake kiranta. In baƙo ya ga sunayen nan sun isa a rubuta, yaya mu za mu bar su su bi tsofaffi kabari?

Littafin Farawa 2:15 ya nuna mana aiki biyu Allah ya ba mutum a gonar Adnin, nomanta da kiyaye ta. A 1 Sarakuna 4:33 an lasafta sanin itatuwa cikin hikimar Sulemanu, tun daga babba har ɗan tsiron jikin bango. Makiyayin da bai san yawan tumakinsa ba, ba zai san ran da ɗaya ta ɓata ba. Haka yake da amanar da aka ba mu ta ƙasa.

Ya ku iyaye da malamai, ba sai kun je Falgore ba. Ku sami igiya da tef da littafi, ku fita da yara bayan gari, ko gonar gado in kun je gida hutu, ko filin majami'a. Ku gayyaci wani tsoho ko tsohuwa, gama da tsohuwar zuma ake magani. Ku rubuta sunan kowane itace da amfaninsa da kaurinsa, ku ƙirga manya da ƙanana da kututture, ku sa kwanan wata. Ku kafa dutse a kowace kusurwa domin baɗi ku koma daidai wurin. Manomi in ya tarar da ɗan gawo ko kaɗanya ko ɗorawa ya toho a gonarsa, ya kewaye shi da ƙaya maimakon ya sa masa fartanya, gama wanda ya fito da kansa ya fi dashe ƙarfi. Mata su gwada murhu mai rage cin itace. In za a dasa itace a makaranta ko majami'a, a tuna da 'yan gida, su madaci da kanya da ɗinya da tsamiya, kada a tsaya ga darbejiya kaɗai.

Waɗanda suka keɓe Gandun Kogin Kano a shekarun 1940 ba su ga Tiga ba, ba su ci tumatirin Kadawa ba. Mu muka ci. Allah ya ba mu hikima da aminci, mu ma mu bar wa na baya abin da za su ƙirga. Amin.